Anlimited ko babban bandil? Lissafin data ga mutanen Accra

Duk wanda ke zaune a Nima ko Mamobi ko Fadama ya san saƙon nan da ke faɗowa waya wai datarka ta kusa ƙarewa, alhali jiya-jiya ka sa sidi 10 kuma kai a ganinka ba ka kalli wani abin kirki ba. Shi ya sa da an ce ma mutum akwai anlimited, wato data mara iyaka, sai ransa ya biya, yana ganin zai biya sau ɗaya ya huta da danne-dannen *138# har wata ya mutu. To tambayar ita ce, kuɗin da za ka zuba ɗin zai fito kuwa? Ni dai ra'ayina tun daga farko shi ne, mutum ɗaya mai waya ɗaya a aljihu da wuya anlimited ya biya shi, amma gida mai jama'a ko shago mai ma'aikata wannan wata magana ce daban. Bari mu bi abin daki-daki don kowa ya ga inda ya faɗa.

Abubuwan da za ka auna tukuna

Na farko, nawa kake biyan kowane giga ɗaya. Kar ka tsaya kan kuɗin da ke fita daga MoMo ɗinka a lokacin, ka raba kuɗin da yawan gigan da aka ba ka, nan ne za ka ga mai tsada da mai araha.

Na biyu sauri, kuma a nan ne mutane suka fi shiga ciki da anlimited. Na uku daɗewa, wato datar tana mutuwa bayan kwana 1 ko 7 ko 30, ko tana nan sai ka cinye ta da kanka. Na huɗu sauƙi, za ka iya yawo da ita cikin trotro daga Circle zuwa Madina ko sai kana ɗaki, kuma ana barinka ka kunna hotsifot, wato ka raba datar da wata waya, ko an toshe. Na biyar haɗari: netwok ya faɗi, wuta ta ɗauke, kamfani ya canza tsari, ko ɗan damfara ya yi gaba da kuɗinka.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan, wanda yawancinmu ba mu taɓa dubawa ba, wato giga nawa kake ci a wata. Wayarka tana riƙe da wannan lissafin. In Android ce ka shiga setin ka nemi wajen da take nuna datar da aka ci, za ta jera maka manhajoji ɗaya bayan ɗaya, TikTok kaza, YouTube kaza, WhatsApp kaza. In iPhone ce ka lura ba ta goge lissafin da kanta duk wata, sai kai ka maida shi sifili ka jira wata ya zagayo. Wanda bai san wannan lambar ba duk zaɓin da ya yi caca ce kawai.

Don ka samu abin kintace, kiran murya a WhatsApp na awa guda bai cika wuce mega 40 ba. Kiran bidiyo ya kan kai mega 300 a awa. YouTube a 480p wajen rabin giga ne a awa, in ka ɗaga zuwa 720p ya kan haura giga 1, shi kuma TikTok da ake ta ja sama ba tsayawa ya kan lashe kusan giga guda a awa ba ka ankara ba. Ka ga ashe hira da 'yan uwa ba ita ke cin data ba, kallo ne.

Ƙananan bandil, na sidi 3, 5, 10

Nan mafi yawan 'yan zango muke, kuma ba laifin kowa ba ne, abin da ke hannu shi ake kashewa. Mai okada ko mai talla ko ɗalibi ba ya da sidi 400 a ajiye, abin da ya samu yau da shi zai sayi data yau. Sauƙi kam babu kamarsa, ka danna lamba ka sa fin ɗin MoMo shi ke nan, ko ka tsaya ƙarƙashin lemar mai kiredit a bakin titi. Haɗari ma kaɗan ne, in netwok ya yi tsiya sidi 10 kawai ka sa a ciki, ka juya zuwa ɗaya sim ɗin.

Amma wallahi shi ne mafi tsada a duk zaɓin nan. Sidi 10 a bandil na yau da kullum, a farashin 2025, abin da take bayarwa bai wuce kusan giga 1 ba. Wanda ke sa sidi 10 kullum, kuma suna da yawa, a wata ya kashe sidi 300 don giga kamar 30. Riƙe wannan lissafin, yanzu za mu dawo kansa. Abin da ke damuna a nan shi ne mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan giga da tsada fiye da mai hali, har ninki biyar, kuma bai sani ba don kuɗin kaɗan-kaɗan yake fita.

Babban bandil, na sidi 399 ko 400

Daga 1 ga Yuli 2025 abubuwa sun canza. Ministan sadarwa Sam George ya sanar cewa MTN zai ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan bandil ɗinsa, Telecel da AT kuma kashi 10. A wannan sanarwar ne aka dawo da bandil ɗin MTN na sidi 399 mai giga 214, wanda kafin nan an maida shi sidi 350 a kan giga 92 da ɗoriya. Na Telecel na sidi 400 ya koma giga 250, na AT na sidi 400 ya koma giga 236. Farashi yana motsi, don haka ka duba abin da ke menu ranar da za ka saya, amma da waɗannan lambobin za mu yi aiki.

Raba ka gani. 399 a kan 214 ya kama kusan sidi 1 da pesewa 86 kowane giga. Na Telecel sidi 1 da pesewa 60, na AT wajen sidi 1 da pesewa 70. Duk ƙasa da sidi 2.

Yanzu dawo kan mutumin nan mai sa sidi 10 kullum yana cin giga 30 a wata. In ya sayi giga 214 irin wanda ba ya mutuwa, zai kai shi wata 7, wato sidi 57 a wata maimakon 300. Ba ƙaramin bambanci ba ne, kuɗin makarantar yaro ne ko kuɗin mita na watanni. Matsalar ɗaya ce, haɗa 399 ɗin a lokaci guda. To mu da muka saba da adashi wannan bai kamata ya gagare mu ba, ka riƙa ajiye sidi 10 a gefe ko ku haɗu ku huɗu kowa ya kwashe a watansa.

Sai dai ka tabbatar da maganar daɗewa kafin ka danna. Bandil ɗin MTN na yau da kullum a *138# ba ya mutuwa, Big Time na AT ma haka aka san shi, amma akwai manyan bandil da ke da kwana 30 a kansu, kuma giga 250 da za ta mutu a kwana 30 ba ta da amfani ga mai cin 30, asarar 220 zai yi. Karanta layin da ke ƙarƙashin farashin, a nan ake rubuta shi.

Ta fuskar sauri, wannan shi ya fi duka a waya, domin ba a rage maka gudu, daga giga na farko har na ƙarshe abin da turken netwok na unguwarku zai iya bayarwa shi za ka samu. Hotsifot a buɗe yake. In an sace wayar, Allah Ya kiyaye, datar tana kan lambarka, ka je ofis da Ghana Card ɗinka a sake maka sim ka same ta.

Haɗarinsa na gida ne. Da mutum ya ga giga 200 a balans sai hannunsa ya sake, ya bar bidiyo a 1080p, ya bar waya tana ta sabunta manhajoji, ƙanne su ji labari kowa ya zo da "Yaya don Allah ɗan kunna min hotsifot minti biyu", minti biyun nan kuwa fim ake saukewa. Abin da aka yi lissafin wata 7 sai ya ƙare a wata 2. Ka sa iyaka a setin ɗin hotsifot, ka kashe saukar da bidiyon WhatsApp da kansa musamman in kana guruf-guruf ɗin aure da suna da na masallaci da ake turo bidiyo ɗaya sau biyar.

Anlimited na waya

To ga wanda aka zo dominsa. Irin wannan yana zuwa kala-kala, akwai na awa ɗaya, akwai na dare, akwai na yini ko mako ko wata, akwai kuma wanda ya tsaya kan manhaja guda kamar WhatsApp ko Facebook kaɗai. Kamfanoni suna fito da su suna janyewa yadda suka ga dama. Amma kusan dukansu hanya ɗaya suke bi wajen kare kansu, domin babu kamfanin da zai bar mutum ɗaya ya shanye turken da dubban mutane ke kai. Ko dai a ɗaure saurin tun daga farko, ko a ba ka cikakken gudu har ka kai wani adadi na giga sannan a shaƙe shi, ko a ɗaure shi da lokaci, ko a hana hotsifot. Wannan shi ne sharaɗin amfani da adalci da suke rubutawa da ƙananan haruffa a can ƙasa.

Mu yi lissafin saurin don mutane ba sa yi. Layi mai gudun 1Mbps, in ya yi aiki ba tsayawa, abin da zai iya saukewa a awa mega 450 ne. Wannan zai ɗauki WhatsApp da kiran murya da YouTube a ƙaramin hoto, amma kiran bidiyo zai riƙa daskarewa, TikTok kuma kana ja yana juyi. In aka shaƙe ka zuwa 256kbps, mega 115 ke nan a awa, hoto ɗaya ma sai ka jira. Kamar famfon da ba a ɗauke ruwansa amma ɗiga yake yi, ruwa kam akwai, sai dai kafin ka cika Kufuor galan ɗaya rana ta yi tsaka. Saboda haka tambaya biyu za ka yi wa duk mai tallar anlimited: giga nawa zan ci kafin a rage min gudu, kuma in an rage zuwa nawa ake maida shi? In ya ce giga 50 ne sannan a shaƙe, to bandil ɗin giga 50 ka saya, da shi za ka raba kuɗin.

Wasu kan ce ai a Amurka kowa anlimited yake da shi. Gaskiya ne ya yaɗu a can, 'yan uwanmu da ke Bronx da shi suke kiranmu, amma ko can ɗin na firifed masu araha yawanci suna ɗaure bidiyo a 480p, suna sa wa hotsifot iyaka, kuma in turke ya cika ana tura su baya a fara ba masu biyan kuɗi da yawa. Ga shi kuma yawancinsu suna da waifai a gida da wajen aiki, wayar ba ita ke ɗaukar duk nauyin ba kamar mu nan.

Wani lissafin kuma. Giga 214 a wata ya kama giga 7 a kullum, wato kallon bidiyo na kusan awa 7 kowace rana har da Juma'a. Mutum nawa ne mai sana'a ke da wannan lokacin? Ke nan kafin anlimited na wata ya fi babban bandil a waya ɗaya, sai ya zama ko ya fi shi araha da cikakken gudu, ko kai ɗin cin ka ya wuce giga 7 a rana. Na farkon ba kasafai ake samu ba, na biyun kuma sai masu aikin ɗora bidiyo.

Inda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne na dare da na awa. MTN yana da bandil ɗin tsakar dare da ke aiki daga ƙarfe 12 zuwa 5 na asuba, kuma data a wannan lokacin tana da araha sosai don turaku ba kowa a kai, gudun ma ya fi na rana nesa ba kusa ba. Ɗalibin da zai sauke darussa, mai gyaran waya a Tip Toe Lane da zai sauke manyan fayil na filashin, wanda zai sabunta laftof, ko mai son tara karatun tafsiri ya saurara a hankali cikin azumi, ya jera abubuwan tun da yamma, ya saya lokacin da ya buɗe, ya sa waya a caji. Da kuɗi kaɗan za a yi aikin da zai ci giga da yawa da rana. Illarsa barci, kuma in wani abu ya wuce ƙarfe 5 yana saukewa to cikin babbar datarka zai koma ci, ko cikin kiredit.

Maganar daɗewa, anlimited agogo kake saya, ko ka yi amfani ko ba ka yi ba yana tafiya. Ka yi tafiya garinku sati biyu inda netwok ɗin ba ya kamawa, ko ka kwanta rashin lafiya, kwanakin sun tafi. Sannan garaɓasa ba ta da tabbas. Tun da NCA, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya fi ƙarfin kasuwa a Yuni 2020 aka sa masa ido kan farashi don kada ya kashe ƙananan, kuma a dalilin haka ne aka dakatar da Data Zone, wani bandil ɗinsa mai araha, a Afrilu 2023, mutane da yawa da suka dogara da shi suka wayi gari babu. Duk tsarin da ka ga ya yi araha fiye da kima kar ka gina sana'arka a kansa.

Anlimited na gida: faiba, rauta, Starlink

A nan lissafin ke juyawa. Akwai wani shagon ɗinki a bayan kasuwar Nima da nake yawan zama, rauta, wato na'urar da ke raba waifai, na kan taga an ɗaure shi da tsumman atamfa don kar ya faɗo, an jona masa ɗan fawa bank saboda dumso. Madam tana tura hotunan ɗinki ga kwastomominta na Landan, tana kiran bidiyo a nuna mata yadda ake son wuyan riga, yaran shago su biyar kowacce da wayarta, ɗaya tana koyon yankan hannu a YouTube, da yamma 'ya'yan madam su dawo daga makaranta su ɗora nasu. Irin wannan wajen giga 200 ba ta kai ƙarshen wata. Mutum takwas kowa ya ci giga 2 a rana, giga 480 ke nan a wata, ya fi bandil biyu na 399. To a nan layin gida mara iyaka ya fara biyan kansa, kuma in aka raba kuɗin kowa abin da zai bayar bai kai abin da yake kashewa shi kaɗai ba.

MTN da Telecel duk suna ja wa mutane faiba, wato wayar intanet, zuwa gida. Shi ya fi kowanne tsayuwa, ruwan sama ba ya damunsa, cunkoson turke da magariba ba ya taɓa shi. Amma ba kowane lungu wayar ta shiga ba, a unguwanninmu da gidaje ke manne da juna sai ka ga layin ya tsaya a babban titi. Kuma mai haya sai ya nemi izinin mai gida, in kuɗin hayar da ka biya gaba ya ƙare ka tashi, wayar ba ta binka. Ka lura kuma ba duk faiba ne mara iyaka ba, wasu tsare-tsaren giga ake ƙirgawa, wasu kuma gudu ake sayar maka.

Rauta mai sim, irin TurboNet na MTN, ya fi sauƙi, ka saya ka jona wuta shi ke nan, ka tashi da shi in ka tashi. Amma turke ɗaya yake sha da wayarka, in unguwarku netwok na nauyi da daddare shi ma zai yi nauyi, kuma yawancin tsarinsa bandil ne babba mai iyaka. Sannan na'urar da aka kulle wa kamfani ɗaya in kamfanin ya tsaya ta zama kwalliya, waɗanda suka sayi na Surfline sun gani lokacin da ya daina aiki a 2023.

Starlink kuma, wato intanet ɗin tauraron ɗan adam da ake kamawa da kwano a rufi, NCA ta ba shi lasisi a 2024, ya fara aiki a Agusta na shekarar, lokacin kuɗin wata sidi 770 ne, kwanon da kayansa kuma sun haura sidi 5,000. In ka auna 770 da farashin sidi 1 da pesewa 86, sai ka ci sama da giga 400 a wata kafin ya yi daidai da babban bandil, ban da kuɗin kwano da wutar da yake ja a mita. Yana son sarari a sama ba bene ko bishiya a gabansa, ruwa mai ƙarfi kuma ya kan rage shi. A tsakiyar Accra ban ga dalilinsa ga talaka ba. Ga wanda ya yi gini can bayan Kasoa ko wani sabon wuri da netwok ke wahala, ko makaranta, ko babban gida da za a haɗa kuɗi, to yana da ma'ana.

Duk na gidan nan aibinsu ɗaya, da ka fita ƙofa sun ƙare, dole ka riƙe ɗan bandil a waya. Ka sa wannan cikin lissafi.

| Zaɓi | Kuɗi | Gudu | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaramin bandil | Kusan sidi 10 a giga | Cikakke | Ya danganta, wasu ba sa mutuwa | Ya fi kowanne | Kuɗi na zurarewa ba ka sani ba |
| Babban bandil | Ƙasa da sidi 2 a giga | Cikakke | Watanni, in mara mutuwa ne | Sai ka haɗa 399 ko 400 | Sakin hannu da masu roƙon hotsifot |
| Anlimited na wata a waya | Ya danganta da inda ake shaƙewa | Ana ragewa | Agogo ne, yana tafiya | Da sauƙi | Ƙananan haruffa, janye tsari |
| Na dare ko na awa | Araha sosai | Mai kyau da dare | Awanni kaɗan | Sai ka hana ido barci | Ya zarce lokaci ya ci babbar data |
| Faiba | Araha in an raba | Ya fi duka | Wata-wata | Sai layi ya iso, sai izinin mai gida | Dumso, tashi daga haya |
| Starlink | Tsada a farko da kowane wata | Mai kyau | Wata-wata | Sai sarari a rufi | Wuta, ruwan sama, ɓarayi |

Kira fa, da 'yan ejan

Ba kowa data ta dama ba. Wata Hajiya maƙwabciyarmu mai kawo doya da hatsi daga arewa, wuni take tana kiran direbobi da dillalai a Tamale da Yendi, yawancinsu ƙaramar wayar nan ta yam suke riƙewa ba WhatsApp. Na ce mata "Hajiya, ke ai minti kike buƙata, a bar maganar giga", ta ce "to ɗana ai ni duk abin da yaran suka sa min shi ke nan". Irin su abin da ya dace shi ne bandil mai haɗa minti da 'yar data, kamar Mashup na MTN a *567#, inda kake zaɓar yawan minti ko yawan mega. In kuma an ce maka kira kyauta ba iyaka, tambayi ko zuwa kowane netwok ne ko na cikin gida kaɗai, kuma minti nawa ne a rana kafin a fara cire kiredit.

Su kuma masu tallar data mai araha a sitatus, akwai na gaskiya a cikinsu da ke sayen da yawa suna rabawa, akwai kuma waɗanda za ka tura kuɗi su toshe ka. In za ka gwada, ka fara da ƙarami kuma wajen wanda ka san shagonsa. Wanda ya ce zai buɗe maka anlimited na har abada da sidi 50, ko ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ko ka amince da wani saƙo na MoMo da ba kai ka tayar ba, ɓarawo ne, kashe wayar kawai.

Abu ɗaya kuma da ya shafi kowane zaɓi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasar nan ta yi kwanaki tana fama, mutane suka yi ta layin sayen sim ɗin AT don shi ne ya fi kamawa a lokacin. Wanda ya zuba duk kuɗinsa na wata a layi ɗaya zama ya yi yana kallon waya. Ka riƙe sim na biyu da 'yar data mara mutuwa a ciki. Kuma kafin ka sa sidi 400 a kowane netwok, sa sidi 5 tukuna ka gwada shi a cikin ɗakinka da misalin ƙarfe 8 na dare lokacin da kowa ke kai, domin netwok ɗin da ke gudu a Osu ba lallai ya shiga ɗakin da ke can ƙuryar gida a Sabon Zango ba.

Wa ya dace da wanne

In cin ka bai kai giga 10 a wata ba, WhatsApp ne da kira da ɗan Facebook, kar ka kula anlimited ko kaɗan, sayi matsakaicin bandil mara mutuwa ka manta. Iyayenmu yawanci nan suke, a ƙara musu minti.

In kana tsakanin giga 20 zuwa 100, kuma nan samari da 'yan mata da masu sayar da kaya a sitatus suka fi yawa, babban bandil mara mutuwa shi ne naka, ko da sai ka yi adashi kafin ka haɗa kuɗin. Kai ne ka fi kowa asara a sidi goma-goma, kuma kai ne aka fi yi wa tallar anlimited alhali ba za ka ci rabin abin da ka biya ba.

Ɗalibi da mai gyaran waya da duk mai sauke manyan abubuwa, ƙaramin bandil na rana a haɗa da na dare.

Direban Bolt ko Yango da mai kai saƙo a babur, taswira ba ta cin data sosai amma ba ta son layin da aka shaƙe, oda za ta wuce ka kana jiran ta buɗe, don haka cikakken gudu da sim biyu.

Mai ɗora bidiyo kullum ko mai yin laif a TikTok ko mai aiki daga gida da laftof, in faiba ta iso layinku ɗauke ta, in ba ta iso ba babban bandil a rauta, ka lissafa ko kana wuce giga 400 kafin ka fara tunanin Starlink.

Gidan haya mai ɗakuna da yawa, shagon ɗinki ko aski, makarantar Islamiyya, ofishin ejan ɗin tafiye-tafiye, ku ne anlimited na gida ya dace da ku. Ku zauna ku ƙirga kawuna, ku sa mutum ɗaya mai amana ya riƙa karɓar kuɗin kafin ranar biya, ku sayi ɗan batirin da zai riƙe rauta in an ɗauke wuta, kuma a riƙa canza fasawod duk wata don wanda bai biya ba kar ya ci gaba da sha.